Gona ta tafi, banki bai zo ba: gaskiyar sana'ar gidan haya a Bande

Wani sabon wa'azi ya fara isowa ƙasar Magarya ta cikin wayoyin salula. Masu yin sa samari ne masu kwat da takalmi mai sheƙi, waɗanda suka ɗauko karatunsu daga Amurka, aka juya shi zuwa Faransanci, yanzu ga shi har da Hausa. Karatun baƙi huɗu ne. Mutum ya sayi tsohon gida da araha, ya gyara shi, ya zuba ƴan haya, sa'an nan ya kai takardarsa banki a yi masa sabuwar ƙima, a ba shi bashi a kansa. Da wannan bashi zai sayi gida na biyu, ya sake maimaitawa, kuɗin haya na biyan banki, shi kuwa yana kishingiɗe yana ƙirga ƙofofi. Wai ta haka ne talaka zai wayi gari da gidaje goma kafin furfura ta fito masa.

A garin Bande, bisa hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magarya da iyakar Nijeriya, irin wannan magana ba ta rasa masu saurare: ɗan cirani da ya komo daga Kano ko Libiya da ɗan abin hannunsa, magajin da rabon gado ya faɗo masa, manomin da rakensa ya yi kasuwa. Ya kamata a gaya musu gaskiya tun ba su sa hannu ba. Daga cikin baƙin nan huɗu, ukun farko kuɗi suke ci. Na huɗun, wanda shi ne ake cewa zai maido da kuɗin, ƙofarsa a kulle take, kuma mabuɗinta ba ya hannun talaka.

Buƙatar gidan haya gaskiya ce

Babu mai hankalin da zai musa cewa ana buƙatar ɗakunan haya a wannan yanki. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Damagaram ta fi kowace jaha ta Nijar yawan jama'a, da mutum sama da miliyan 3 da rabi. Gundumar Magarya tana da kusan 580,000, ta Dungas sama da 350,000, ƙaramar hukumar Bande ita kaɗai ta haura 100,000. Bisa wannan ƙidaya, jama'ar ƙasa na ƙaruwa da 3.9 cikin 100 kowace shekara, wato suna ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, kuma duk inda aka buɗe ofishi, ma'aikata na biyo baya. Malamin lekol ɗan kwantaragi, ungozomar asibiti, jandarma, ma'aikacin duwan, galibinsu baƙi ne da aka turo daga wani gari, kuma kowannensu na neman ɗaki mai ƙofa da makewayi. Wanda ya gina musu ya yi aikin kirki, ya kuma cancanci ribarsa. Abin ƙi shi ne a ruɗi mutum ya zuba duk abin da ya mallaka bisa alkawarin cewa banki na jiransa a ƙarshen hanya.

Inda aka haifi dabarar

A Amurka wannan dabara tana tafiya ne bisa shimfiɗar da gwamnati ta ɗauki shekaru tana yi. Gidaje suna da rajista, akwai masu sana'ar ƙimanta su waɗanda banki ya yarda da sa hannunsu, akwai kuma bashin gida na shekara 30 da kuɗin ruwa tsayayye. Hukumomi irin su Fannie Mae, wadda aka kafa tun 1938, suna sayen waɗannan basussuka daga bankuna domin bankunan su samu kuɗin sake ba wasu. A farkon 2021 kuɗin ruwan irin wannan bashi ya sauka ƙasa da 3 cikin 100. Duk da wannan gata, lokacin da farashin gidaje ya rushe a rikicin 2008, miliyoyin iyalai sun rasa muhallinsu, kuma da yawa daga cikinsu mutane ne da suka ci bashi bisa ƙimar da ta kumbura fiye da gaskiya. Masu wa'azin wayar salula ba su taɓa kai karatunsu wannan shafi ba.

Takardar da banki ke so

Nijar tana cikin ƙasashen da suka haɗa dokokin kasuwancinsu a ƙarƙashin OHADA. Dokar lamuni ta wannan ƙungiya, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta tsaida ƙa'idar cewa ba a ɗora jinginar banki sai a kan gida ko filin da aka yi wa rajista. Rajistar nan ita ce ke haifar da takardar mallaka ta dindindin, wadda ƴan boko ke kira titir fonsiye. Tsarinta gado ne daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 26 ga Yuli 1932, wadda ba don manomin Bande aka rubuta ta ba. A 2006 gwamnati ta fito da sauƙaƙƙiyar takarda mai suna Sheda domin rage kuɗi da jira, amma ko ita sai an biya mai awon fili, an biya kuɗin rajista, an yi ta zarya zuwa ofishin da ba a ƙauye yake ba.

To, me mutumin Bande yake riƙe da shi? Shaidar mai gari da liman da maƙwabta, ko takardar ciniki da aka rubuta a zaure gaban shaidu, ko kuma, in ya yi ƙoƙari, takardar hukumar kula da filaye da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanada. Wannan doka ta yi babban aiki, domin ta amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce kamar rubutacciya. Takardunta suna raba gardama gaban sarki da alƙali. Sai dai manajan banki ba gardama yake rabawa ba: abin da yake nema shi ne dukiyar da zai iya sayarwa bisa doka in bashi ya ƙi biyuwa. Ga kuma wata matsalar da dillalai ba su faɗa: tsohon gida mai araha a tsakiyar gari, sau da yawa gidan gado ne da ba a raba ba. Ɗaya daga cikin magada ya sayar, sauran suna Kano ko Agadas ba su sani ba. Ranar da aka gama shafe da fenti, ranar za su bayyana, mai saye ya tarar shari'a ya saya da kuɗinsa.

Lissafin da ba a yi wa mutane

A ɗauka, don misali, wani ya sayi tsohon gidan ƙasa mai ɗaki huɗu a kan miliyan 2 na sefa, ya kashe miliyan 1 da rabi wajen kwanon rufi, da daɓen siminti, da ƙofofin ƙarfe, da makewayi. A ɗauka kuma ya samu ƴan haya a kowane ɗaki bisa jika 5 a wata, babu ɗakin da ya kwana babu mutum, babu wanda ya yi jinkirin biya. Jika 20 ke nan a wata, jika 240 a shekara. Kafin miliyan 3 da rabi ɗinsa su komo, sai ya jira sama da shekara 14, ba a cire kuɗin gyaran bayan damina ba.

Yanzu a ce an yi abin al'ajabi, banki ya karɓi takardarsa, ya ba shi miliyan 2 da rabi na shekara 7 da ruwa 10 cikin 100. Biyan kowane wata zai kama jika 41 da rabi, wato ninki biyu na hayar da yake karɓa. In kuwa ƙananan asusun lamuni ya nufa, inda tun 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen UEMOA suka yarda ruwa ya kai har 24 cikin 100, kuma aka ba shi wa'adin shekara 2, biyan wata zai haura jika 130. Wannan adadi na miliyan 2 da rabi, da na shekara 30 ne da ruwa 4 cikin 100 irin na Amurka, da biyan wata bai wuce jika 12 ba, haya ta biya shi har da saura. Asirin dabarar duka yana cikin tsawon wa'adi da arahar ruwa, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ake sayarwa a kasuwar Bande.

Wannan duka kafin a zo ga abin da ya fi damun mutanen yankin, wato haramcin kuɗin ruwa, wanda ya sa magidanta da yawa ba za su taka ƙofar bashin banki ba ko da an buɗe musu ita. Akwai Bankin Musulunci na Nijar, gaskiya ne, amma shi ma ba ya sakin kuɗi babu lamuni.

Sa'an nan wa ke biyan hayar? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 30 ne da ƴan kai tun daga 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Malaman kwantaragi sun sha yajin aiki saboda jinkirin biyansu, kuma duk wanda ya rayu a shekarun 1990 yana tuna lokacin da ma'aikata suka yi watanni babu albashi. Ɗan haya na iya ba mai gida haƙuri, mai gida ya haƙura don kunya da zaman tare. Banki bai san kunya ba, ranar wata kawai ya sani.

Daga ina jarin farko ke fitowa

Tun da banki ba zai ba da kuɗin farawa ba, kuma ba zai maido da su a ƙarshe ba, dukiya ɗaya ce ta rage wa talakan Bande da za ta iya zama miliyan cikin mako guda: gona. Nan ne maganar ta daina zama ta ciniki, ta koma ta rai. Kudancin jahar Damagaram yana cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a karkarar Nijar. Gandun da kaka ya noma an raba shi ga ƴaƴa, an sake raba shi ga jikoki, har ya zama wani magidanci abin da ke hannunsa ba ya ciyar da gidansa daga kaka zuwa kaka. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi abin da duniya ta yaba, suka raya gawo a gonakinsu da hannunsu, har masu bincike suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan ɗaya. Wannan ƙasar da aka farfaɗo da gumi, da fadamun Korama masu ba da rake, su ake so a mayar jarin ɗaki huɗu da fenti.

Wani zai ce ai ba sayarwa zai yi ba, jingina ce kawai. Kowa ya san yadda jinginar gona ke ƙarewa: wanda ya ba da kuɗi yana nomawa yana ci, mai gona yana jiran ranar fansa, kuma in abin da zai fansa da shi hayar jika 20 ce a wata, ranar ba za ta zo ba. Mata ne ke fara ji a jikinsu, domin gamanarsu ce ake fara haɗawa cikin ciniki, rabonsu na gado kuma shi ake fara mayarwa kuɗi. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, yawancinsu daga ƙasar Kance da ke maƙwabtaka da nan. Ƙarancin ƙasar noma yana cikin abin da ke fitar da mace da goyo ta kama wannan hanya. Duk gonar da ta bar hannun mai ita, akwai tukunyar da za ta kwana a kife.

Wa ke ci

Dabarar nan tana aiki a Nijar, amma ga mutum iri ɗaya: babban ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci mai takardar albashi, mai sanayya a ofishi, mai iya mai da filin da ya saya titir fonsiye. Shi ne ke sayen gonar bakin gari da farashin gona, ya jira a yanka ta filaye, ya fitar da takarda, ya kai banki, ya karɓo kuɗi ya sayi ta gaba. Manomin da ya sayar masa don ya shiga sana'ar gidan haya, shi ne tsanin da aka taka. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Tarihin ƙasar nan bai ɓoye wannan ba. Bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990 ƙarƙashin basussukan da ba a biya ba, kuma ba manoman gero ne suka ci su ba. A farkon shekarun 2000, da gwamnati ta rasa kuɗin biyan bashin albashi, filaye ta raba wa ma'aikata a madadinsa, wato ƙasa ta zama kuɗin da hukuma ke bugawa in baitulmali ya bushe. A 2010 aka kafa asusun CRRH, mai mazauni a Lome, domin sabunta jari a kan bashin gidaje a ƙasashen UEMOA, sai dai bankuna yake ba kuɗi, a kan bashin da suka riga suka ba masu takarda. A Disamba 2018 aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar a Yamai da jarin biliyan 10 na sefa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi masa biki da jawabi. Tambayar da mahukunta ya kamata su amsa da lambobi ita ce: cikin duk bashin gidan da aka bayar a ƙasar nan, nawa ne ya isa ƙananan hukumomin karkara na Magarya da Dungas?

Gyara da fenti

Ko gyaran ma, wanda ake nunawa a waya kamar wasan yara, a nan yana da nasa haɗari. Masana'antar siminti ta Malbaza tana can jahar Tawa, ɗaruruwan kilomita daga Bande, kuma kayan gini da yawa daga kasuwannin Nijeriya suke shigowa. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk wanda ya fara aiki da lissafin jiya, yana iya wayar gari katanga ta tsaya a rabi. A Oktoba 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, abin yabo, amma kuɗin mota da na magini suna nan.

Daminar 2024 ta koyar da darasin da ya fi kowane. Ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma a watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Gyaran gaskiya na gidan ƙasa yana cikin tushe, da indararo, da hanyar ruwa, da yaɓen kowace shekara. Wanda ya gyara don ƙima ta tashi, fenti zai shafa a kan bangon da ya jiƙe, kuma ba shi ne zai kwana a ƙarƙashinsa ba. Ɗan haya ne zai kwana, bayan an ƙara masa kuɗi da sunan gyara. An yi dokar haya a ƙasar nan tun 1996, amma a garuruwan karkara da baki ake ƙulla haya, da baki ake ƙara ta, da baki ake cewa mutum ya kwashe kayansa.

Abin da ya kamata

Mai son shiga wannan sana'a a Bande yana da hanyar da iyaye suka bi, wadda ba ta da sheƙi amma ba ta kai mutum gaban alƙali. Ya fara da filin da yake nasa babu gardama, ya gina ɗaki ɗaya da rarar noma ko kiwo ko adashi, ya sa ɗan haya, ya tara, ya ƙara na biyu. In tsohon gida zai saya, ya ga dukan magada da idonsa, a rubuta ciniki gaban hukumar filaye. Ya rubuta yarjejeniya da ɗan haya ko da a rabin takarda ce. Ya ware kuɗin gyaran damina kafin ya kira sauran riba. Gona kuwa kada ta shiga lissafi, sayarwa ko jingina, komai daɗin bakin dillali.

Nauyin da ya fi girma yana kan hukuma. A kawo rajistar gidaje kusa da mutane, a yi awon unguwa guda a lokaci guda, domin kuɗin ya sauka kuma mai ƙaramin ƙarfi ya samu takarda tare da mai babba. A gina gada tsakanin takardun dokar karkara da takardar da banki ke karɓa, tun da ƙasa ɗaya ce ta ba da su duka biyu. A umarci Bankin Gidaje ya buga yawan bashin da ya bayar jaha bayan jaha, kowa ya gani. A tsara bashin gini mai dogon wa'adi bisa hanyoyin da shari'ar Musulunci ta yarda da su, tun da su ne jama'a za su karɓa da kwanciyar rai. A hana yanka gonakin bakin gari sai an kafe sanarwa, an faɗi wanda ya saya da abin da aka biya mai gona. Wannan na ƙarshe ya ƙara zama wajibi tun daga Afrilu 2024, lokacin da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, domin wanda ba a zaɓa ba ya fi kowa buƙatar a ga hannunsa a fili.

Kafin a yi waɗannan, duk wanda ya gaya wa saurayin Bande cewa ya sayar da gonar ubansa, banki zai maido masa da kuɗinsa bayan gyara, to a tambaye shi sunan bankin, da wa'adin bashin, da takardar da za a karɓa. In ya kasa amsawa, jama'a su san cewa gonar yake so.